WA ZAI ƊAUKI HOTON BAKOLORI? RADDI GA MASU GARDAMAR SABUWAR KYAMARA

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga idan ban amayar da ita ba za ta zame mini ciwo. Duk wanda ya ji ta taɓa shi ya yi haƙuri, don kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata sabuwar cuta ce ta ɓullo a tsakanin 'yan bokonmu, musamman matasan da Allah Ya ɗan buɗa wa, da wasu daga cikin marubuta da 'yan fim. Cutar ita ce gardama a kan ƙananan kyamarorin nan masu tsada da ake yayi. Wannan ya ce Fujifilm X100VI ita ce sarauniya, wancan ya ce ai Ricoh GR IV ta shanye ta, wani kuma ya ɗaga hanci ya ce shi idan ba Leica ba gara ya haƙura. Sai a kwana ana musu a kan wadda ta fi fitar da launi, da wadda ta fi kyau a wuya, da inda za a same ta ba tare da dogon jira ba. Abin mamaki, cikin masu wannan musu har da 'ya'yan Talata Mafara da Bakura da Maradun mazauna Abuja da Kano da Kaduna, waɗanda rabonsu da tsayawa a bakin madatsar Bakolori har sun manta.

Bari in fito fili tun da wuri, kada a ce na yi ɓoye-ɓoye. A nawa ganin wannan gardama an ɗauko ta ne daga wutsiya. Kafin a tambayi wace kyamara ce ta fi, kamata ya yi a tambayi me za a ɗauka da ita, a ina, kuma wa zai ga hoton bayan shekara arba'in. Wanda bai amsa waɗannan tambayoyi uku ba, ko wacce ya saya sarƙar wuya ya saya. Ni kuwa da Bakolori zan auna su duka, domin nan ne ƙasarmu, kuma nan ne rashin hoto ya taɓa yi mana illar da har yau ba ta warke ba.

MENE NE MA KAYAN, KUMA ME YA SA SUKA YI WUYA?

Domin wanda bai san dawan garin ba, ga yadda abin yake. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a shekara guda, yawancinsu ƙanana ne na sakawa a aljihu. Da wayar hannu mai kyamara ta zama ruwan dare, sai kasuwar ta rushe, har ta kai a 2023 abin da aka fitar bai kai miliyan 8 ba. Kamfanoni suka rage aiki, wasu samfura aka daina yin su kwata-kwata. Kwatsam, wajen 2022, sai matasan Amurka da Turai da China suka tsiro da yayin Fujifilm X100V a TikTok, wai hotonta yana kama da na fim ɗin da, irin wanda ake kai wa wanki. Buƙata ta ninka, kaya babu, har kamfanin ya dakatar da karɓar oda a Japan a ƙarshen shekarar.

A watan Fabrairu na 2024 aka fito da magajiyarta, X100VI, mai megafiksel 40, a kan dala 1,599. Duk da cewa an mayar da haɗa ta China domin a ƙara yawa, mutane sun yi watanni suna jira, a wasu shagunan Japan ma sai da aka koma yin ƙuri'a. Ricoh ma a 2024 ta dakatar da karɓar odar GR III a Japan na wani lokaci saboda kaya sun gaza, sannan a 2025 ta fito da GR IV a kan kusan dala 1,500. A shekarar dai Sony ta fito da RX1R III mai megafiksel 61 a kan kusan dala 5,100, Fujifilm kuma ta kawo GFX100RF mai megafiksel 102 a kan kusan dala 4,900. Ita kuwa Leica Q3 da ta fito a 2023, dala 5,995 aka yi mata kuɗi.

To, abin da ya yi wa mutumin Tokyo wuya, yaya kake jin zai zama ga mutumin Mafara? Mu ne a ƙarshen layi. Sai wani ya sayo a Dubai ko Landan, ya ɗora ribarsa, ɗan kasuwar Legas ya ɗora tasa, dillali ya ɗora la'adarsa, kafin ta iso hannunka ta zama nama a bakin kura. Kuma rashin kayan shi ne ya zama tallarsa. Da ana samun ta a kowane shago kamar batirin tocila, da rabin masu rububin nan ba su waiwaye ta ba. Ɗan Adam dai abin da aka hana shi shi yake so.

Mu yi lissafi, tunda ƙidaya ba ta ƙarya. Bayan an saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta kai naira 1,500 har ta wuce a 2024. A kan wannan farashi, dala 1,599 ta kama kusan naira miliyan 2 da dubu 400, tun kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar dillali. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ke nan sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashinsa na wata 34, kusan shekara uku, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe X100VI. Ta Sony kuwa ta haura miliyan 7 da rabi, Leica ta doshi miliyan 9. Wannan kuɗi a Bakolori injinan ban-ruwa ne da taki da iri da kuɗin ƙwadago na manoma da yawa. Ban ce haramun ne mutum ya saya ba. Cewa na yi abin da ya ci irin wannan kuɗi dole a tambaye shi aikin da ya yi.

ABIN DA RASHIN HOTO YA YI MANA

An fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala a 1978, ta hannun kamfanin Impresit na ƙasar Italiya. Tsawon bangonta ya haura kilomita 5, tafkin da ta tara ya mamaye kimanin hekta 8,000, kuma an tsara za ta shayar da hekta 23,000 na noman rani. Domin wannan aiki an tayar da mutane kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu. Ruwa ya cinye kangayensu da rijiyoyinsu da maƙabartunsu da kukokin da ake hira a gindinsu. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma ambaliyar da ke jiƙa musu fadama duk shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Yanzu ina ƙalubalantar duk wanda iyayensa ke cikin waɗanda aka tayar: ya je gida ya ce a fito masa da hoton tsohon gidansu. A bi gida ɗari a ga gida nawa za su fito da shi.

Wannan ma ƙarami ne. Da manoma suka ga an riƙe musu gonaki shekara da shekaru ana aikin share fili da haƙa magudanai, diyya kuma ta zama gafara sa ba mu ga ƙaho ba, sai suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da Shehu Kangiwa ke gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Aka yi harbi, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ashirin da 'yan kai ne. Wasu da suka bi diddigin lamarin suka ce sun haura 380. Masana irin su Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun yi rubutu a kan abin da ya faru, amma har yau waɗannan alƙaluma biyu suna tsaye suna kallon juna.

Don Allah mai karatu ka dubi tazarar da ke tsakanin ashirin da 'yan kai da ɗari uku da tamanin. A cikin wannan tazara akwai mutane masu suna, masu 'ya'ya, masu bashin da ba su biya ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da a ce a kowane ƙauye akwai yaro ɗaya mai 'yar kyamara, ko da mafi arha ce a duniya, wanda ya ɗauki kaburbura da ƙonannun rumbuna da fuskokin zawarawa, ya rubuta suna da rana a bayan kowane hoto, da musun nan bai kai yau ba. Talaka idan ba shi da shaida, maganarsa tana mutuwa ne ranar da ya mutu. Iyayenmu suna da uzuri, domin a 1980 kyamara sai birni, sai mai hoton sutudiyo, sai ma'aikacin gwamnati. Mu fa, mene ne uzurinmu?

Yau ka rubuta Zamfara a intanet ka nemi hotuna, ka ga abin da zai fito. 'Yan bindiga a kan babura, 'yan matan Jangebe 279 da aka sace a watan Fabrairu na 2021, yaran da gubar dalma ta kashe a Anka da Bukkuyum a 2010, sai kuma 'yan siyasa suna yanka kirtani. Duk sun faru, ba wanda ya musa. Amma ina mai dashen shinkafa a cikin taɓo da sanyin asuba? Ina masuncin da ke gyaran koma a bakin tafki? Ina kasuwar Mafara ranar Talata, da kwandunan tumatir da buhunan albasa da jakunan da suka kawo su? Tun 2014 aka soma shirin TRIMING da rancen Bankin Duniya domin gyara magudanan Bakolori. Wa ya ɗauki magudanan kafin gyara da bayan gyara, domin gobe idan aka ce an yi kaza mu iya cewa ga abin da idonmu ya gani? Mun bar baƙo ya zo ya kwana biyu, ya ɗauki abin da editansa ke so, ya tafi, mu kuma muna Abuja muna ɗaukar hoton kofin shayi da kyamarar miliyan uku.

TO, IN ZAƁIN NE, GA MA'AUNI

Kada a ce na yi faɗa ban kawo mafita ba. Mu ɗauko kayan mu ɗora su a kan sikelin Bakolori.

Abu na farko ƙura. Duk kyamarorin nan da na lissafa gilashinsu a manne yake, ba a cire shi. Ma'anar haka ita ce idan ƙura ta shiga ta zauna a kan faifan da ke karɓar haske a ciki, ba ka da hanyar busa ta da kanka, sai an warware kyamarar, kuma duk hoton sararin sama da ka ɗauka sai ɗigon ya fito. Jerin Ricoh GR sun yi suna da wannan matsala, saboda gilashinsu yana fitowa yana komawa duk lokacin da aka kunna aka kashe. Kamfanin ya ce ya ƙara toshe kafofi a GR IV, amma bai ce an rufe ta ruf daga ruwa da ƙura ba. X100VI kuwa ba ta samun cikakkiyar kariya sai ka sayi wani zobe da gilashin kariya daban ka ɗaura mata a gaba. Masu yi mata kirari a TikTok ba su san hunturu ba. Ba su taɓa bin bayan tirela a kan babur daga Mafara zuwa Bakura a watan Janairu ba, lokacin da ko haƙoranka sai sun yi ƙas-ƙas.

Abu na biyu rana, na uku wuta. GR ba ta da kafar leƙe da ake kanga ido, allon baya kawai gare ta, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta saƙo a waya da tsakar ranar bazara ya san yadda allo ke komawa baƙi ƙirin. A nan X100VI ta fi ta, domin tana da kafar leƙe. Amma wajen batir duka biyun ragwaye ne. GR IV ba ta wuce hoto 250 a caji ɗaya bisa ma'aunin kamfani, X100VI kuma ɗari uku da 'yan kai idan ba a sa ta a tsarin tattali ba. A garin da wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, wanda zai riƙe ɗayansu dole ya tanadi batir biyu ko uku da abin caji mai aiki da hasken rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na huɗu gyara. Idan wayarka ta faɗi, akwai yaro a bakin tasha da zai canja mata gilashi kafin ka gama cin tuwo, in ta gagara a kai ta Farm Centre a Kano. Idan Leica ta faɗi fa? Sai dai a nemi mai tafiya Turai. Garantin da aka ba wanda ya saya a wata ƙasa sau da yawa ba ya bin kaya zuwa wata ƙasar, balle wanda ya saya a hannun dillalin da ko rasit babu. Abu na biyar, wanda ya fi duka, shi ne rai. A yankin da ake zargin juna da zama infoma, baƙon da ya rataya babbar kyamara yana nuna ta ko'ina ya jawo wa kansa tambaya daga jami'an tsaro da 'yan sa-kai, da ma waɗanda ba a son ambato. A nan ƙanƙantar kyamara ta zama alheri. GR IV nauyinta bai kai giram 270 ba, tana shigewa aljihun kaftani, alhali X100VI ta ninka ta nauyi, ga ƙyalli mai jan ido.

Saboda haka ga hukuncina. Wanda ya dage sai sabuwa, kuma da gaske zai shiga gona da kasuwa, idan aikinsa a fili ne cikin rana ya ɗauki X100VI, ya ɗaura mata zobe da gilashin kariya tun ranar farko. Idan abin da ya fi buƙata shi ne kada ya ja ido, ya ɗauki GR, ya riƙa ajiye ta a jaka mai zif. Kada ya ƙara wa dillali ko sisi don wai kaya sun yi wuya, ya jira, ba gudu za ta yi ba. Sony da Leica da GFX kuwa a bar wa wanda hoto ne sana'arsa kuma yana da mai biyansa da dala. Amma ni da za a ba ni miliyan biyu da rabi, wallahi ba ɗayansu zan saya ba. Akwai OM System TG-7 da ta fito a 2023 a kan kusan dala 550, wadda ƙura ba ta shiga, tana jure nutso har mita 15, tana kuma rubuta inda aka ɗauki hoto. Rauninta shi ne ba ta da ƙarfi a duhu, amma masunci da mai ban-ruwa da rana suke aiki. Akwai kuma na hannu irin su Nikon D3200 ta 2012 mai megafiksel 24, wadda batirinta ke haura hoto 500, da Canon 600D, irin waɗanda masu hoton biki suka daɗe suna cin abinci da su, kuma ana cire gilashinsu a share. Su sun fi dacewa da ɗan gari wanda kowa ya san shi ya san ubansa. Kuɗin kyamarar yayi ɗaya zai sayi irin waɗannan da dama, a raba wa yara a ƙauyuka daban-daban, har a samu canjin wanke hotuna.

GA MASU CEWA...

Na san abin da za a ce. Na farko zai ce, "Malam, kuɗina ne, ina ruwanka?" Gaskiya ne Alhaji, kuɗinka ne, Allah Ya ƙara buɗi. Da ka saya ka yi shiru, da ni ma na yi shiru. Amma tunda ka fito kana kiran kanka mai adana al'ada, kana rubuta "ɗan Zamfara" a ƙarƙashin sunanka, ka ba mu damar tambayarka abin da ka adana. Wanda ya shiga rawa ba ya hana 'yan kallo magana. Kuma ka sani ƙannenka suna kallonka. Yaron da ke da basirar hoto a Maradun ya ji kuna cewa hoto ba ya kyau sai da kyamarar miliyan uku, sai ya karaya ya ajiye abin da ke hannunsa. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ci mini rai.

Na biyu zai ce, "Ai duk wannan surutu ne, waya ta wadatar." Da wannan muna da kusanci, domin wayoyin yanzu, har da Tecno da Infinix da ke hannun talaka, suna ɗaukar hoton da mai sutudiyon 1980 bai taɓa mafarkinsa ba. Wanda ba shi da komai sai waya ya fara da ita yau. Sai dai waya tana da halinta. Ana sace ta, ana sayar da ita idan sallah ta matso, tana cika a goge tsofaffin hotuna don a samu wurin sabon bidiyo, kuma hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi an rage masa inganci. Ina hotunan da kuka ɗauka da wayoyinku na 2012? Masu cewa ai suna ajiye a intanet, su tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni. Hoton da ba ka iya kaiwa gare shi sai da izinin wani, aro aka ba ka.

Na uku zai ce kayan aiki mai kyau shi ke fitar da aiki mai kyau. Sai in tuna masa da J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da 'yar kyamarar Brownie mai arha a 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya ɗaya bayan ɗaya, har ya tara kusan dubu, kuma a 2013 aka baje su a babban bikin zane na Venice a Italiya. Abin da ya ɗaukaka shi naci ne da sanin abin da yake nema. Ga kuma Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda a 2015, ana tsakiyar rikicin Boko Haram, ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, har duniya ta san cewa akwai wani abu a Borno ban da bam. Wa ya damu da sunan kyamarar da ta riƙe? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

KIRA GA MARUBUTA DA MATASANMU

Mu marubuta mun fi kowa laifi. Littattafanmu cike suke da gidajen sama na Abuja da Dubai, a bangon littafi kuma sai hoton wata Ba'indiya da aka kwafo. Alhali ga Bakolori nan, labari kwance: garin da ruwa ya ci, tsohon da har yau yake nuna tsakiyar tafki yana cewa can ne gonarmu, matar da aka kawo amarya shekarar da aka tashi gari. Wanda yake da shekara ashirin a 1980 yanzu ya haura sittin. Kowace damina ana binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka gani. Nan da 'yan shekaru ko Leica goma ka kawo ba za ka samu wanda za ka ɗauka ba, sai ihu bayan hari.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Duk wanda ke da kyamara, sabuwa ko ta hannu ko ta waya, idan ya je gida ya zauna da dattawa, ya nemi izininsu, ya ɗauke su, ya naɗi maganarsu. A sa 'yan mata a cikin aikin, domin su ne za su shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, kuma rabin tarihin yana can. A wanke hotunan a kan takarda, a rubuta a baya sunan mutum da gari da rana, a ba mai hoton nasa kofi, domin hakkinsa ne. A ajiye wani kofi a faifai biyu a gidaje biyu, sannan a kai wani inda ake adana tarihi, kamar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Arewa House a Kaduna, ko ɗakin karatu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara. Kada a ɗauki shingen jami'an tsaro, kada a shiga daji neman suna, kada a watsa fuskar wanda hoton zai iya jawo wa kisa, kada kuma a mayar da gawar ɗan uwa abin yawo a waya. Akwai hoton da ake ɗauka don a nuna yau, akwai wanda ake ɗauka a ɓoye wa jikoki.

Kamfanonin Japan da Jamus ba za su daina fito da sabbi ba. Baɗi ko baɗin baɗaɗa wata za ta fito, wadda ake rububi a yau ta koma gwanjo, masu gardama kuma su koma sabon musu. Su dai sun san abin da suke nema a aljihunmu. Saura mu mu san abin da muke nema a ƙasarmu. Duk wanda ya ga na yi kuskure a wannan magana, ƙofa a buɗe take, amma ina roƙon ya zo da raddinsa tare da hoto ɗaya da ya ɗauka da hannunsa a Bakolori, mai suna da rana a bayansa. Idan ya kawo, ko bai ce komai ba na yarda ya kayar da ni, kuma zan fi kowa murna.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a 1980 da waɗanda ake rasawa yanzu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.